Ku Tambayi Majo: Mura ta shigo gida, ga jinjiri a ɗaki

Jama'a barkanmu da sanyi. Tunda hunturun nan ya kunno kai saƙonnin da ke zo mini kusan duk abu guda ne, mura, tari, kaikayin maƙoshi, majina, kai ka ce shawara kuka yi. Ni kaina da nake wannan rubutu ga kofin citta a gefena. Ranar Litinin na ratsa babbar kasuwa, hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, kuma duk wanda ka gaida sai ya amsa maka da murya irin ta kwaɗo. Na tsamo guda biyar daga ciki, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

Tambaya daga wata mai jego, unguwar Zariya:

Baba Majo ina wuni, ya sanyi. Don Allah ka taimaka mini, yau kwanana ashirin da haihuwa kuma tun bayan suna gidanmu kowa mura yake, maigida, ɗiyan kishiyata ukku, har uwar mijina da take yi mini wankan jego. Ita kuma Inna ta sa an toshe tagar ɗakin da tsumma da kwali wai kar sanyi ya kama yaro, da dare kuma a shigo da gawayi a kasko. Har yanzu 'yan barka ba su daina zuwa ba, kowacce ta zo sai ta ɗauke shi ta sumbace shi, wata tana tari tana cewa ai ba komi mura ce kawai. Ni kuma kunya nake ji in hana, kar a ce ina da wulaƙanci. Yaya zan yi?

Amsa:

Ɗiyata barka da arziki, Allah ya raya. Bari in fara da abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonki, wato gawayin nan. Tun yau a daina kwana da shi. Gawayi in yana ci a ɗaki rufe yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take shiga jininsa ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, wani ya tashi da ciwon kai da jiri ya ce mayu ne, wani kuma ba ya tashi gaba ɗaya. Lokacin da nake aiki a wani asibitin ƙauye an taɓa kawo mini mace da 'ya'yanta biyu da asuba a kan amalanke, duk sun galabaita, maƙwabta na cewa iska ce ta buge su. E iska ce, amma ta kasko. In ana son ɗumama ɗaki a ɗumama da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara wa yaro hula da safa da zane mai kauri, kuma jikinki ya fi kowane garwashi ɗumi a wurinsa.

Sai maganar taga. Inna ba mugunta take yi ba, haka ita ma aka yi mata, kuma haka aka yi wa uwata. Amma sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura. Mura ƙwayar cuta ce, birus, daga mutum take fita ta shiga mutum. In mai ita ya yi tari ko atishawa, kai ko magana ma ko numfashi kawai, wasu 'yan mitsi-mitsin ɗigo ne ke fitowa daga baki da hanci, manyan su faɗi kusa, ƙananan su yi ta yawo a cikin ɗaki kamar yadda hayaƙin turaren wuta ke yi. Ke da kanki kin san in kika kunna turare kika rufe ƙofa har gobe ƙamshin na nan, in kuma kika buɗe taga nan da nan ya bi iska. To haka numfashin mai mura yake, bambancin kawai shi ba a jin ƙamshinsa. Abin da ya sa mura ke yawa da hunturu shi ne muna cunkushewa a ɗaki guda mu toshe kowace kafa, ga kuma busasshiyar iska da ƙura da suke tsattsage cikin hanci su sauƙaƙa wa ƙwayar hanya. Saboda haka da hantsi, in rana ta ɗan yi zafi, a cire kwalin nan a buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa, ko sau biyu sau uku a wuni. Da dare a bar 'yar kafa.

Kuma ki daina yarda da "mura ce kawai". Ga babba ƙaƙƙarfa haka ne, kwana bakwai zuwa goma ta wuce. Ga ɗan kwana ashirin ba haka ba ne. Akwai wata ƙwaya da likitoci ke kira RSV, kusan kowane yaro sai ya gamu da ita kafin ya cika shekara 2, a jikin babba majina ce kawai take sa wa, amma a jinjiri tana iya sauka ƙirji ta toshe 'yan hanyoyin numfashinsa da ba su fi zare kauri ba. Wadda ta sumbace shi tana tari, ita za ta koma gidanta ta sha kununta ta yi barci, ke ce za ki kwana a asibiti.

To yaya za ki hana ba tare da an ce kin yi rashin kunya ba? Na san halinmu, mai jego ba ta da baki a gaban surukai. Kar ki ɗauki faɗan da kanki. Ki samu maigida ki yi masa bayani shi ya gaya wa mahaifiyarsa, ko ki jingina abin ga ungozoma, ki ce a wurin awo aka ce kar mai tari ya ɗauki yaron sai ya yi arba'in. In ma kina so ki ce Majo ne ya ce, na yarda, bayana da faɗi, an zage ni a kan abin da bai kai wannan ba. Ki aje buta da sabulu a bakin ƙofa, wadda za ta ɗauke shi ta wanke hannu tukuna. Kuma akwai dabarar da na ga wata tsohuwa ta yi wa jikanta a Tibiri, da ta ji sallamar baƙi sai ta ce a goya shi ko a sa masa nono, ai ba mai ƙwace yaro daga bakin nono. Inna kuwa tunda ita ke wankan kuma tana da murar, a roƙe ta ta ɗaura ƙyalle ko takunkumi ya rufe hanci da baki in za ta riƙe shi, 'yan kwanaki ne. Ɗiyan abokiyar zamanki su ma a yi musu dabara su yi wasansu a tsakar gida.

In ke kanki kika kamu kar ki yaye shi ko na wuni guda. Ki wanke hannu, ki rufe hanci da baki, ki ci gaba da ba shi nono, domin abin da jikinki ya haɗa na yaƙi da ƙwayar yana bi ta nonon ya je masa. Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, zuma kuwa sam har sai ya shekara.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Idan yana kwance shiru ba ya kuka, ki buɗe masa ƙirji ki duba agogon wayarki ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Yaron da bai kai wata 2 ba in ya kai 60 ko fiye, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, numfashi 50 ne, daga shekara ɗaya zuwa shekara 5 kuma numfashi 40. In kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki sosai duk sanda ya ja numfashi, ko yana gurnani, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya yi laushi ba ya motsi yadda ya saba, kar ki jira gari ya waye kuma kar ki jira a gama shawara a zaure. Ki ɗauke shi zuwa CSI, wato ƙaramin asibiti, mafi kusa ko babban asibiti. Jinjiri ɗan ƙasa da wata 2 ba a yi masa gwajin magani a gida.

Tambaya daga wani direban Hiace mai bin hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa:

Majo barka da aiki. Ni kullum cikin mutane nake, mota cike, kuma da sanyin nan fasinja ba sa yarda a sauke gilashi. Wata biyu ke nan mura na sakina tana kama ni. Na sayi takunkumi na fara sawa sai abokai a tasha suka dinga yi mini dariya wai korona ta dawo ne, sai na cire. Rawani da nake naɗawa bai isa ba?

Amsa:

Malam direba, waɗanda suka yi maka dariyar in ka kwanta kwana uku a cikinsu wa zai kai wa iyalinka cefane? Mai da abinka. Motarka ita ce irin wurin da ƙwayar nan ta fi so, mutum goma sha tara kafaɗa da kafaɗa, gilashi a rufe, numfashin kowa na komawa cikin na kowa. Ɗan kabu-kabu da ke tafe a fili iska na dukansa ya fi ka tsira nesa ba kusa ba, shi ƙura ce damuwarsa.

Rawani ya fi babu, musamman in ka ninka shi ya rufe hanci, yana tare ƙura da manyan ɗigo. Amma saƙarsa a buɗe take, kuma gaskiya nawa ne a cikinmu ke wanke rawani kullum? Takunkumin asibiti, shuɗin nan na farmasi, ya fi shi, wanda ake ce wa FFP2 ko N95 kuma ya fi duka in ya zauna daram a fuska. Sai dai a sa shi yadda ya kamata. A 2020 na gaji da ganin mutane sun rataya shi a haɓa kamar gemu, ko baki a rufe hanci a waje, wannan ɓarnar kuɗi ce. Shuɗin in ya jiƙe ko ya yi datti a jefar, ba a wanke shi a shanya. Na ƙyalle kuma a wanke da sabulu kowace rana.

Gilashi kuwa kai ne mai mota. Sauke naka kaɗan, ka sa yaron mota ya ɗan zuge na baya ko faɗin yatsu huɗu ne, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Wanda ya yi ƙorafi ka ce masa ya ja mayafi. Kuma kuɗin nan da kake karɓa hannu da hannu, ka riƙa wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka kai hannu ido da hanci, wanki na gaske har tsakanin yatsu, aƙalla daƙiƙa 20, ba tsoma yatsu a kwano guda da mutum takwas suka riga ka ba.

Abu guda ya tsaya mini a rai, wata biyun da ka ce. In tarin ne bai taɓa ɗaukewa ba har ya wuce mako 2, balle in akwai rama ko zufar dare ko jini a kaki, wannan ba maganar mura ba ce, ka je a gwada kakinka saboda tarin fuka. Ana warkewa sarai, maganin wata 6 ne.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari:

Ni dai in mura ta kama ni amoksisilin nake saye wurin masu tallar magani in haɗa da parasetamol, kwana biyu in ji garau. Matata ta ce ba kyau. Wa ya fi gaskiya?

Amsa:

Alhaji, matarka. Ka ba ta tukuici.

Amoksisilin maganin bakteriya ne, mura da ciwon maƙoshin da ke tare da ita kuwa mafi yawa birus ne, halittu ne daban, kamar ka ɗana wa ɓera tarko ne alhali sauro ke cizonka. Sauƙin da kake ji parasetamol ne ya sauke zafin jiki da ciwon kai, sauran kuma jikinka ne ya yi aikinsa, da ka sha da ba ka sha ba za ta tafi. Ɓarnar ita ce duk sanda ka sha kwana biyu ka bari, ƙwayoyin bakteriyar da ke jikinka suna koyon yadda za su jure masa, ranar da ciwon huhu na gaske ya zo, a kanka ko a kan ɗanka, sai a ba da maganin ya ƙi ci. Ban ma taɓo zancen maganin da ya wuni a kan tire cikin rana ba, wanda ba ka san daga ina ya fito ba.

Parasetamol ɗin ma da iyaka, babba kar ya wuce giram 4 a wuni, wato ƙwaya 8 ta 500, kuma ka duba don yawancin haɗe-haɗen maganin mura akwai shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Aspirin kuma ba a ba yara. Citta da kanumfari da lemun tsami da zuma a ruwan ɗumi, sha abinka, suna lallashin maƙoshi, ni ma ga nawa nan, amma ba sa kashe ƙwayar kuma ba sa hana ka shafa wa wani. In masassara ta yi zafi a je a yi gwajin maleriya, a ƙasar nan ba a yanke wa zazzaɓi hukunci da ido.

Tambaya daga wani dattijo, Madarunfa:

Majo, ina da tambaya amma kar ka ce na shiga hurumin malamai. Shekarata kusan saba'in, ina da hawan jini da ciwon suga. Ɗana ya ce in daina zuwa masallaci da asuba har sanyi ya wuce saboda masu tari sun yi yawa a sahu. Ni kuma ina ganin abin da Allah ya rubuta ba makawa. Me ka gani?

Amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Fatawa ba tawa ba ce, liman na kusa da kai. Amma akwai labarin da kowa ya ji a wa'azi, na Sayyidina Umar da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke can, ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ba wanda zai ce Umar bai san tawakkali ba.

Ɗanka ya yi gaskiya a abu guda, kai kana cikin waɗanda mura mai zafi ba ta yi wa wasa: tsofaffi, masu suga, masu ciwon zuciya ko asma, mata masu ciki, da ƙananan yara. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa murar nan ta shekara-shekara, wadda Faransawa ke ce wa grippe, tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara a duniya, kuma a ƙasashe da dama tsofaffi ne kan gaba. Amma ni a ganina an juya maganar. Me ya sa kai mai lafiya za ka zauna gida, shi mai tarin ya zo ya tsaya a sahu yana fesa wa na dama da na hagu? Shi ya kamata ya yi sallarsa a gida kwana uku huɗun farko da ciwon ya fi yaɗuwa, ko in ya matsa sai ya zo to ya rufe hanci da baki ya tsaya a gefe, ya yi atishawa cikin hannun riga ko hankici, ba cikin tafin da zai miƙa wa mutane bayan sallama ba. Da limamai za su riƙa faɗin wannan bayan sallar magariba da ya fi duk wata sanarwar rediyo aiki.

Ina faɗin haka ne da ciwo a raina. Shekarun baya na je gaisuwar rasuwa ina jin 'yar masassara da kaikayin maƙoshi, na ce ai kunya ce a ce ban je ba, daga can na biya na gaida mahaifiyata, na zauna a ɗakinta har la'asar muna shan fura a ludayi guda. Bayan kwana biyu ta kwanta, abin ya sauka mata a ƙirji, sai da muka yi kwana tara a asibiti. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ni da nake ma'aikacin lafiya ni na kai mata har gado. Ita wannan ƙwaya tana iya fita daga jikin mutum tun kwana guda kafin shi kansa ya san ya kamu, balle wanda ya riga ya ji alama.

Don haka Baba in za ka je, je ka da takunkuminka da dardumarka, ka nemi kusa da ƙofa ko taga inda iska ke motsi, ka rage musabaha, ɗaga hannu daga nesa ma gaisuwa ce. Ka riƙe maganin suga da na hawan jini a kan lokaci. In ka ji numfashi na yi maka wuya, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓi ya tafi ya dawo da ƙarfi, ranar nan za a kai ka asibiti ba gobe ba.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:

Majo ku faɗa mana gaskiya, korona ɗin nan ba siyasa ba ce? An rufe mana masallatai da lakwal, amma mu ba mu ga gawarwakin da aka ce za a gani ba.

Amsa:

Ɗana, na fahimci haushinka, ni ma ban manta azumin 2020 ba. An samu mutum na farko da ita a Nijar ranar 19 ga Maris na shekarar, aka rufe makarantu da masallatai, aka killace Yamai, har tarzoma aka yi a wasu garuruwa, sai 13 ga Mayu aka buɗe wuraren ibada. Talaka mai neman na yau ya sha wuya, kuma ba kowane mataki ne aka yi wa mutane bayaninsa yadda ya dace ba, wannan na yarda da kai.

Amma ciwon gaskiya ne. A Wuhan ta ƙasar Sin aka fara ganinsa a ƙarshen 2019, kuma mutuwar da ƙasashe suka kai rahotonta ta haura miliyan 7. A nan gida ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar da ita ya rasu a farkon Mayun 2020. Adadin da hukuma ta ƙirga a Nijar bai kai 400 ba, kaɗan ne in aka gwada da Italiya ko Amurka, kuma akwai dalilai. Kusan rabin 'yan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, ita kuwa tsofaffi ta fi kayarwa, ga shi yawancin zamanmu a tsakar gida da gindin bishiya ne ba a ɗaki mai na'urar sanyi ba. Sannan gwajin bai kai ko'ina ba, tsoho nawa ne a ƙauye ya yi tarin kwana biyar ya cika aka ce ajali, aka kai shi kafin azahar?

A Mayun 2023 hukumar lafiya ta duniya ta ce matakin gaggawa ya ƙare, amma ƙwayar tana nan tana yawo cikin sauran murorin hunturu, kuma ba gwaji ba za ka bambance ta da su ba. Kai mai shekara ashirin da 'yan kai wataƙila kwana uku za ta yi maka. In hutu ya zo kana majina, ka bari ta lafa kafin ka shiga ɗakin kakarka, in kuma ɗokin ganinka ya hana ta haƙuri, a shimfiɗa muku tabarma a waje.